Kunnen Baba Risika

A layin masu waya da sifika, can cikin kasuwar kayan mota ta Ibadan, in ka ce Raimi Akangbe kake nema sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce Baba Risika, ko mai tallan ruwan leda za ta turo leɓe ta nuna maka rumfar. Rumfar kwano ce da tsatsa ta cinye, benci ɗaya, akwatin ƙarfe ɗaya, sai wani siririn sukudireba da yake sokewa a bayan kunne tun safe har ya tashi. Ba ya sayar da ko ƙusa. Jan waya da haɗa akwatin babbar sifikar nan da ake ce wa wufa ya bar wa yara tun gashinsa bai fara fari ba. Kunnensa shi ne jarinsa. Da kunnen nan ya gina gida a Oje, da shi ya aurar da Risika, da shi ya yi wa ƙannenta makaranta har suka kama gabansu.

Ga yadda aikin yake. In an gama haɗa wa mota kayan kiɗa, amfilifaya na kwance a but, wufa na gurnani a gefenta, 'yan ƙananan sifikun nan da ake ce wa tuwita suna manne a ƙofa don fitar da siririyar murya, to saura saiti. A jikin amfilifaya akwai wasu 'yan maɓallai da ba sa juyuwa sai da bakin sukudireba. Wani ke raba wa kowace sifika irin muryar da za ta ɗauka, wani ke yanke ƙarfin da za a tura mata. In ka rage, mai mota ya ce ka cuce shi, kiɗansa ba ya tashi. In ka zarce ko da ƙwayar gero ce, sauti ya fara tsagewa, kwayil ɗin cikin sifika ya ɗau zafi, kafin ka ankara sifika ta ƙone. Tsakanin biyun nan akwai wani ɗan gurbi, kuma duk layin ya yarda mutum ɗaya ne ke dira a kansa ba kuskure. Shi ya sa ko rigima ta tashi a kan sifika, mai saye na rantsuwa jabu ce, mai sayarwa na rantsuwa ta gaske ce, ƙungiyar 'yan layin ba ta wahalar da kanta. A kira Baba Risika ya saurara, abin da ya ce ya zauna.

Yana da tsarinsa, kuma ko motar gwamna aka kawo ba ya sake shi. Da farko zai ce wa mai mota, "Cire mini wannan hayaniyar taka." Kiɗa ɗaya tak yake saiti da shi, nasa ne, kuma yana da tarihi.

Ubansa Akangbe makaɗin shekere ne, duman nan mai rigar wuri da ake girgizawa ana cafewa a gidan biki. Gidansu gidan shekere ne tun kakanni. Raimi ne ya fara bauɗewa ya tafi koyon gyaran rediyo, tsohon ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa, ko ya kwanta masa rub da ciki sai ya tsallake shi ya wuce. Rikodar farko da Raimi ya gyara da hannunsa, ita ya ɗauka ya bi ayarin uban zuwa wani bikin suna ya naɗi kiɗansu: manyan kalangu a ƙasa, muryoyin mata a tsakiya, shekeren tsohon a can sama yana yayyafi. Da ya kunna masa, tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ashe akwatin naka ya san hannuna." Sulhunsu ke nan. Damina ba ta zagayo ba tsohon ya rasu. Kiɗan kuwa ya bi Raimi duk inda zamani ya kai shi, daga kaset ya koma faifai, daga faifai ya koma ɗan memori da yake ƙullewa a bakin hularsa.

To zai sa kiɗan, ya ɗaga muryar rediyon mota ya tsayar da ita kafin ta ƙure, ya mayar da maɓallan amfilifaya ƙasa gaba ɗaya, ya sa a buɗe ƙofofi. Sai ya durƙusa a bakin but, ya ba jama'a baya, ya rufe ido. "Ido ba shi da aiki a nan," haka yake gaya wa duk yaron da ya koya a hannunsa. Kalangu yake fara ɗagowa har ya ji shi a ƙirji. Sannan matan, har ya ji kowace kalma tasu. Daga ƙarshe ya je neman ubansa. Zai riƙa murɗawa a hankali har shekere ya fito fes, kamar ka iya ƙirga ƙwayoyin wurin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara kaɗan, da zarar sautin ya fara cuwa irin ta ruwa a tafasasshen mai sai ya dawo baya da gashi ɗaya. Nan ne gurbin. Sai a lokacin yake buɗe ido.

Haka ya yi shekaru aru-aru da kansa a cikin but. Bas-bas na haya, motocin masu tallan maganin gargajiya, na 'yan siyasa lokacin zaɓe, na coci, na masu wa'azi, na samarin da ke son titi ya san sun wuce. Kowa so yake a ji shi daga Mokola har Molete, kuma duk gurnanin nan a kunnen mutum ɗaya yake fara sauka.

Abin bai zo masa rana ɗaya ba. Duniya ce ya ga ta fara lalacewa a hankali. Matarsa Iya Risika, wadda da in ta yi magana a kicin ana ji a titi, ta koyi magana ƙasa-ƙasa, kullum sai ya ce, "Buɗe baki mana, ko amala ce a ciki?" Jikokinsa ma ba su iya fitar da harafi ba, ya ce makarantun yanzu ne. Wani siririn fito ya riƙa bin sa har cikin masallaci, ya ce tiransifomar unguwa ce. Tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa da ke cika mangwaron tsakar gidansa da surutu suka yi tsit, ya ce hayaƙin janareto ya kore su, har faɗa ya yi da maƙwabcinsa a kan haka. Yana fita da duku-duku, yana dawowa bayan magariba, kuma mutumin da ya saba gaskata kunnensa bai ga dalilin ɗaga kai ya duba bishiya ba.

A kasuwa kuwa shekere ya fara yi masa nisa. Sai ya murɗa fiye da yadda ya saba kafin ya jiyo shi, can ƙasa-ƙasa. Ya ce kayan yanzu ne ba su da albarka.

Kada wani ya ce layin bai sani ba. Wallahi an sani, tun daga shugaban ƙungiya har mai sayar da dafaffiyar masara. In Baba Risika na saiti yanzu, mutane sulalewa suke yi suna ja da baya, don ƙarar tuwita har cikin haƙori take shiga. Amma wa zai faɗa? Mutumin da rabin masu rumfa a layin a hannunsa suka koya, shi ya ɗora musu hannu a ka ranar yaye, shi ake kwanta wa a gaishe shi da safe, shi za ka tsaya a gabansa ka ce, Baba, kunnenku ya tafi? Da wane bakin? Sai aka yi abin da muka fi iyawa, aka rufa masa asiri ta bayan fage. Sakariyau, babban almajirinsa na farko, wanda shi ma yanzu furfura ta fara fito masa kuma rumfarsa ce ta ƙarshe kafin ƙofar fita, shi ya ɗauki nauyin. Duk motar da ta baro wurin Baba sai ya tare ta ya ce bari ya ɗaure wata waya, ya leƙa but, ya mayar da maɓalli inda ya kamata. Mai mota ya tafi yana yabon Baba Risika. Mun kira wannan ladabi, kuma har ga Allah mun ɗauka alheri muke yi masa.

Sai dai ba kowace mota ke tsayawa wurin Sakariyau ba. Wadda ta fice ta ɗaya ƙofar, tuwitarta ba ta daɗewa. Su kuma waɗannan a kan Iya Dupe suke faɗawa, don daga shagonta Baba ke tura kowa ya sayi tuwita. Iya Dupe matar marigayi Folarin ce, abokin Baba Risika. Da Folarin ya mutu danginsa suka zo da kwaɗo za su karɓe shagon, Baba ne ya zauna a bakin ƙofar ya ce sai dai su rufe da shi a ciki. Da shagon nan take riƙe da 'ya'yanta. Don haka in an dawo mata da ƙonanniyar tuwita ba ta musu, sai ta ɗauko sabuwa ta bayar, ta raɗa wa mai motar ya bi ta wurin Sakariyau.

Kamoru ne ya ɓata shirin. Direban bas ne a hanyar Iseyin, bakinsa ba linzami, kuma ba ya jin raɗa, don a ganinsa Sakariyau wani abu yake son ci a jikinsa. Da tuwitarsa ta sake ƙonewa bai je wurin Iya Dupe ba. Ya zo ya taka birki a gaban rumfar Baba, ya diro yana ɗaga ƙonannun tuwitocin sama, baƙi ƙirin.

"Baba, ina kwananku. Ga su nan kuma! Fasinja na yi mini dariya, kiɗana ya koma kamar ana daka a rami. Ni dai ku gaya mini gaskiya, kayan ne, ko hannun ne ya tsufa?"

Wani ya ja rigar Kamoru ta baya, ya fizge.

Maganar ta soki Baba Risika har ƙashi. Ya aika aka karɓo sababbi daga shagon Iya Dupe, ya tsaya aka ɗaura, ya durƙusa ya rufe ido. Kalangu ya zo. Matan suka zo, ko da yake kamar da mayafi a bakinsu. Shekere bai zo ba. A karon farko a rayuwarsa ya nemi ubansa a cikin kiɗan nan bai same shi ba ko kaɗan. Wani tunani ya taso masa, ya danne shi da sauri tun bai gama tsayuwa ba. Ya miƙe, ya ɓalle tuwitar, ya nufi shagon Iya Dupe, jama'a na biye da shi.

Tana ganinsa ta durƙusa. "Sannunku da aiki, Baba."

"Riƙe gaisuwarki. Mene ne wannan?"

"Tuwita ce, Baba."

"Tuwita ce ko murfin kwalba? Iya Dupe, ni za ki yi wa haka? Ni nake turo miki mutane da bakina, ke kuma ki riƙa ba su jabu, suna ƙonewa ana zagin hannuna?"

"Baba, inda Baban Dupe ke saye tun yana da rai, can nake saye. Ban sake ba."

"To me ya sa ba su da murya? Ɗago kai ki gaya mini. Me ya sa?"

Ta buɗe baki, ta dubi mutanen da suka cika ƙofar shagon, ta rufe. Ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi, ya juya ya tafi kai tsaye wurin shugaban ƙungiya ya shigar da ƙara. Dokar layin kuma kowa ya san ta: wanda aka kama da jabu, a rufe shagonsa, ya kwashe kayansa ya bar kasuwar.

Da yamma Iya Risika ta ajiye masa amala da miyar ewedu, ta zauna kusa, abin da ba ta saba ba. Labari ya riga shi isowa gida.

"Baba Risika, ku janye ƙarar nan."

"Me kika ce? Buɗe baki."

Ta matso, ta ɗaga murya. "Na ce ku janye ƙarar nan, don Allah. Matar nan marayu take riƙe da su."

"Marayu ne suka ce ta sayar da jabu?"

"Ba jabu..." Ta haɗiye sauran. Shekarun da suka yi tare ba ta taɓa gaya masa abin da zai karya shi ba, kuma ta san wannan zai karya shi. Sai ta kauce. "Ko za mu je asibiti a duba ku? Kwanan nan kuna yawan gajiya."

"Asibiti? Ana maganar tuwita kina maganar asibiti. Kun haɗa baki ke nan, ku mata."

Ya ture kwanon ya shiga ɗaki. Amma zama ya gagare shi. Ya ciro memorin daga hula, ya sa a wayarsa, ya manna ta a kunnen dama. Kalangu, mata, shi ke nan. Ya mayar kunnen hagu. Haka. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka kira shi aka ce ubansa ya faɗi. Sai ya ce a ransa, sifikar waya ai abin wasan yara ce, me za ta fitar? Ya jefa ta kan gado. Ya gwammace a ce matar abokinsa maƙaryaciya ce da a ce abin da zuciyarsa ke raɗa masa gaskiya ne, kuma ya san hakan, shi ya sa ko da safe abinci bai shiga ba.

Ranar zaman ƙungiya aka jera benci a ƙarƙashin babbar rumfa. Alaji Busari, shugaba, sa'an Baba Risika ne, tare suka shigo kasuwar suna samari. Ya zauna da kwaɗon ƙungiya a gabansa a kan tebur, fuskarsa kamar wanda aka tilasta wa shan maɗaci. Iya Dupe na durƙushe a gefe. Matsalar a fili take: alƙalin da ake kira ya saurari sifika yau shi ne mai ƙara.

"Raimi," in ji Alaji, "ni da kai mun tsufa da tsayuwa a rana. Mu shiga ciki mu kashe maganar nan. Kayan Kamoru ni zan biya."

"Busari, ashe kai ma tsufa ya sa ka fara tsoron gaskiya? Ba kayan Kamoru na kawo ƙara ba. Sunana na kawo."

Alaji ya share fuska da hannun riga, ya juya. "Sakariyau, kai ma ka ji tuwitar nan. Me ka ji?"

Sakariyau ya zube rub da ciki. "Alaji, kunnen da nake da shi Baba ne ya ba ni. Ba zan auna shi da nasu ba."

"Iya Dupe, ke fa? Kin ji abin da ake tuhumarki. In kina da magana yanzu ne."

Kalma ɗaya za ta faɗa ta tsira da shagonta, kuma kowa a wurin ya san kalmar. Ta dubi tsohon da ya taɓa zama a bakin ƙofarta ya hana a kore ta. Ta ce, "Ba ni da ta cewa, Alaji. Baba ubana ne."

Kai, wannan rana! Manyan mutane masu gemu suka zauna suna kallon ƙasa, za a rufe shagon baiwar Allah a kan ƙarya, kuma ba mai iya tari. Alaji ya miƙa hannu zai ɗauki kwaɗon.

"Dakata," in ji Baba Risika. Shi fa duk zafinsa ba azzalumi ba ne. "Ba za a ce an rufe shagon matar Folarin da bakina kawai ba. Busari, a shagonka akwai na gaske, waɗanda ba a buɗe kwalinsu ba. A kawo, a ɗaura a motar Kamoru. Zan saita a gaban kowa, ku ji yadda tuwitar kirki ke magana, sannan a sa nata ku ji bambanci."

"Ba sai an yi haka ba, Raimi."

"Sai an yi."

Aka kawo. Shi da kansa ya duba kwalin, ya yage ledar, ya jinjina su a tafin hannu ya ce, "Yauwa, ga kaya." Sakariyau ya ɗaura su kamar mai haƙa kabari. Aka buɗe ƙofofin bas, Baba ya ciro memori daga hula, ya zare sukudireba daga bayan kunne, ya durƙusa a bayan motar inda amfilifaya take. Ya ba jama'a baya, ya rufe ido.

Kalangu ya taso ya bugi ƙirjinsa, ya ji daɗi. Matan suka shigo. Sai ya sa bakin sukudireba a maɓalli na ƙarshe ya fara murɗawa. Yanzu tsohon zai shigo, ya san daidai wurin, bayan mata sun ja numfashi. Wurin ya zo ya wuce. Ya ƙara. Babu. Ya ƙara, yana cewa a ransa, fito mana Baba, yau ce ranar da nake buƙatarka. Ba abin da ke can sama sai siririn fiton nan da ke bin sa masallaci. Ya ƙara, ya ƙara, har sukudireba ya tsaya cak, maɓalli ya ƙure. Sai wani wari ya bugi hancinsa, warin da ya fi sani a duniya, warin kwayil da ya ƙone.

Ya buɗe ido ya waiwaya.

Duk kasuwar ta toshe kunne. Alaji Busari ya ja hularsa ya rufe nasa, ya runtse ido. Kamoru ya tsere can bakin kwata. Masu talla sun watse, wata ta rungume kan goyonta. Da suka ga ya juyo sai hannuwa suka riƙa sauka da sauri, kowa na yi kamar ƙeya yake sosawa. Wannan saukar hannun ita ta gama da shi. Mutum ɗaya ce ba ta toshe ba. Iya Dupe na nan durƙushe inda take, kusa da motar, hannuwanta a cinya, hawaye na zuba, ta shanye ƙarar nan duka don kada ya juyo ya gan ta da yatsa a kunne.

Wani ya kashe rediyon. Baba Risika ya miƙe da ƙyar.

"Sakariyau."

"Baba."

"Shekeren ya fito?"

Sakariyau ya fara kwanciya. "Tashi! Tsaya da ƙafarka ka dube ni, ka ɗaga murya. Na ce ya fito?"

"Tun murɗawar farko, Baba. Fes."

"Da na Iya Dupe ma?"

"Da nata ma."

"Tun yaushe nake haka?"

"An jima, Baba. Tun kafin azumin da ya gabaci na bara."

Ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, yaran da ya yaye, abokan da ya ci abinci da su. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

"Duk kun sani," ya ce. Muryarsa ta yi sama fiye da yadda yake zato, ta karye. "Kuna kwanta mini da safe, kuna bi ta bayana kuna gyara ɓarnata. Kun bar ni ina ƙona kayan mutane kamar mahaukaci. Yau kuma da kun zauna kun kalli an rufe shagon matar nan. Busari, har da kai? Da ka ja ni gefe ka zage ni, ai da ka yi mini gata."

Alaji ya sunkuyar da kai. Hawaye ne a idonsa.

Sai Baba Risika ya cire hularsa, ya taka zuwa gaban Iya Dupe, ya zube rub da ciki a cikin baƙin man da ya jiƙe ƙasar wurin, goshinsa a ƙasa. Kasuwa ta ɗauki salati. Dattijo ya kwanta wa mace, macen ma sa'ar ƙanwarsa ta baya! Iya Dupe ta fasa kuka, ta kama kafaɗarsa tana ja. "Baba ku tashi! Ku tashi don Allah, kada ku ja mini abin da ba zan iya ɗauka ba!" Bai tashi ba sai da ya faɗa, da ƙarfi yadda na bayan rumfa zai ji, cewa kayanta na gaske ne, shi ya yi mata ƙazafi, ta yafe masa don darajar Folarin.

Da ya miƙe, gaban rigarsa baƙi ƙirin, ya je teburin ya miƙa hannu.

"Ba ni kwaɗon nan."

"Raimi, haba. Zauna mu yi magana. Akwai na'urar da yara ke saiti da ita yanzu, da ido ake dubawa..."

"Wannan ta Sakariyau ce, sai ya saya. An kawo kwaɗon nan don a rufe inda ake ƙona kayan mutane. To an gano wurin."

Ya karɓa, ya tafi rumfarsa, jama'a na buɗa masa hanya. Ya jefa sukudireban cikin akwatin ƙarfe, ya datse kwaɗon, ya miƙa wa Alaji makullin. Sakariyau ya biyo shi har ƙofar kasuwa yana magana, amma ta bayansa yake yi, Baba bai ji ba.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida, abin da ya daɗe bai yi ba. Iya Risika na zaune a gindin mangwaro tana tsinke ganyen ewedu. Ta ga rigar, ta ga bayan kunnensa ba sukudireba. Ta jawo masa kujera. Ya zauna ya jingina, kansa ya ɗagu sama.

Bishiyar cike take maƙil. Sheƙuna na reto a kowane reshe, tsuntsayen rawaya na shiga suna fita, suna faɗa, suna karkaɗa fiffike, bakunansu na buɗewa suna rufewa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Iya Risika, yaushe suka dawo?"

Ta ajiye tiren, ta juyo ta fuskance shi sosai yadda zai ga bakinta. "Ba su taɓa tafiya ba."

Ya gyaɗa kai. Can ya laluba bakin hularsa ya ciro memorin, ya sa a waya, ya miƙa mata. "Kunna. In tsohon ya shigo ki gaya mini."

Ta kunna ta ɗora a kan cinyarsa. Kalangu ya fara, matan suka bi, suka ja numfashi. Iya Risika ta matso. Ta ɗora yatsunta a kan gwiwarsa ta fara bugawa, sauri-sauri, tana tsayawa inda tsohon ke cilla duman sama, tana dawowa inda yake cafewa. Hannun ubansa ne, bai ɓace mata ko ɗaya ba. Baba Risika ya bar idonsa a buɗe yana kallon yatsun, hawaye na sauka a kan baƙin man rigarsa, har kiɗan ya ƙare.

"Sake sa shi," ya ce.